Mazan jiya da bashin Faransa

Hirarmu ta yau a kan mazan jiya take, wato kakanninmu da suka yi wa Faransa soja.

Ku mutanen Gaya kun san hanyar teku: a ƙetare kogi zuwa Malanbil, a bi ta Paraku, a sauka Kotonu. Zamanin Nasara ba gyaɗa kaɗai ake fitarwa daga ƙasar nan ba, har da samari. A 1919 Faransa ta kafa dokar soja ta tilas, shekara 3. Kumandan ya aiko wa sarki, sarki ya tara samari, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa sai ya yi sallama da gida. Shi ya sa wasu suka riƙa tsallakawa Najeriya cikin dare. Ku da Kamba ke kusa da ku, kun san ba tafiya mai nisa ba ce. Ana ce da sojojin nan tirayer na Senegal, amma suna ne kawai: akwai Bahaushe, Bazabarme, Badende, Bambara da Mosi.

A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Dubban baƙaƙen sojoji suka zama fursuna, wasu har shekara 4, cikin sanyi da yunwa. Da aka sako su, aka kai wani rukuni barikin Caroy kusa da Dakar. Suka ce a biya su kuɗinsu kafin su watse. Ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe musu wuta. Sojan Faransa ya ce mutum 35 suka mutu, masu binciken tarihi suka ce ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda kisan kiyashi ne.

Wanda ya iso gida ma bai huta ba. Wani ya tarar iyaye sun rasu, budurwa ta yi aure. Wani ba ƙafa. Wani ya firgita cikin barci, yara na cewa ya taɓu. Ga kuma dokar 1959 da ta tsayar da fanshonsu wuri guda: na Bafaranshe yana hawa, nasu yana nan. Ba a fara daidaita su sosai ba sai 2007, lokacin da yawancinsu suna ƙasa. Wannan ba adalci ba ne, kowa ya sani.

To, me ya riƙe su? Da yawa addini ne. Sun tafi da layun da uwa ta karɓo wajen malam. Can a bariki wanda bai san salla ba ya gani wajen abokinsa. A garin Firejus na Faransa har an gina musu masallaci wajen 1930, mai siffar na Jenne. Da suka komo, rubutun sha da zaman masallaci suka kwantar wa wasu da hankali. Wasu suka bar giyar da suka koya a soja. Wasu suka yi ta tara ɗan fanshon har suka sauke farali, aka daina ce musu Sarjan, aka koma Alhaji.

Ku duba cikin adakar gidanku. Watakila ɗan littafin soja na kakanku yana nan, wanda shi kansa bai iya karantawa ba. Da Faransanci yake, amma suna da lamba da shekaru kun iya su yanzu. Ku kawo shi aji, malaminku ya taya ku sauran.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.