Ƙurar Bodele da Halittun Teku Masu Kama Naitirojin: Rawar Chadi a Zagayen Kabon na Atilantika

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ƙurar hunturu daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi zuwa tekun Atilantika, inda take ciyar da wasu ƙananan halittu, siyanobaktiriya, masu kama naitirojin daga iska. An yi bitar bincike-binciken da aka wallafa daga 1961 zuwa 2024. Sakamakon ya nuna cewa Chadi, duk da ba ta da gaɓar teku, tana da hannu a yawan kabon da teku ke haɗiyewa, kuma akwai buƙatar a riƙa auna ƙurar tun daga gida.

Gabatarwa

Daga Nuwamba zuwa Maris, 'yan kasuwar Dembe a Njamena kan wayi gari cikin hazo. Farar ƙura mai laushi kamar gari takan lulluɓe rumfuna da buhunan gero da busasshen kifi, masu babura su naɗe fuska da rawani, yara su yi ta tari. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga Bodele yake tasowa, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, wanda shekaru kusan 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: ina ƙurar take sauka, kuma me take yi a can?

Siyanobaktiriya ba baƙi ba ne a Chadi. Matan Kanembu sun daɗe suna tace koren ruwan tafkunan kanwa, su shanya abin da suka tara a kan rairayi har ya bushe ya zama dihe, a yi miya da shi. Masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga dihe a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a tafiyarsa ta 1964 zuwa 1965, aka kuma tabbatar cewa sifirulina ce. Sai dai sifirulina ba ta kama naitirojin daga iska. 'Yan uwanta na teku ne ke wannan aiki.

Masu kama naitirojin a teku

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma tsirrai ba sa iya amfani da shi a haka. Manomin da ya tuge gyaɗa ko wake ya ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, ya ga gidan ƙwayoyin da ke mayar da wannan iska taki. A teku mai ɗumi, Trichodesmium ce kan gaba wajen wannan hidima. Zare-zare ne siriri da ke haɗuwa tuli-tuli, ido na iya ganinsu, kuma idan suka yi yawa sukan mamaye fuskar ruwa kamar an watsa dusar katako. Christian Ehrenberg ya bayyana ta a 1830 daga Bahar Maliya, sannan a 1961 Richard Dugdale da abokan aikinsa suka nuna tana kama naitirojin a tekun Sargaso.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Crocosphaera mai ƙwaya ɗaya da ke aikinta da dare, da Richelia da ke zaune cikin wasu gansakuka masu ɓawon siliki. A 1998 Jonathan Zehr ya gano alamar wata da aka laƙaba wa UCYN-A, kuma a 2024 mujallar Science ta wallafa cewa ta riga ta zama sashen jikin gansakukar da take ciki.

Alaƙar naitirojin da kabon

Teku na haɗiye kusan rubu'in iskar kabon dayoksaid da ɗan Adam ke fitarwa. A gefen wannan, akwai tsohon aikin da ƙananan tsirran ruwa ke yi: suna zuƙar kabon a sama, idan sun mutu wani kaso ya nitse da shi ƙasa. Alfred Redfield ya nuna cewa jikin waɗannan halittu na ɗauke da ƙwayar kabon 106 a kan naitirojin 16 da fosfaras 1. A ma'auni, kilo ɗaya na naitirojin na tafiya da kabon kusan kilo 5.7.

A nan ne asalin naitirojin yake da muhimmanci. Wanda ke tasowa daga ƙarƙashin teku yakan zo tare da kabon ɗin da ya nitse da shi tun farko, don haka abin da tsirrai suka zuƙa kusan biyan bashi ne kawai. Wanda Trichodesmium ta kamo daga iska kuwa sabo ne, bai zo da kabon ba, saboda haka duk abin da ya tsiro da shi ya nitse, ragi ne ga kabon ɗin sama. David Karl da abokansa sun ruwaito a 1997 cewa a tashar ALOHA kusa da Hawai, wannan hanya kan samar da har rabin sabon naitirojin.

Inda ƙurar Chadi ta shigo

Sinadarin da ke kama naitirojin, naitirojines, ba ya aiki sai da ƙarfe, kuma tsakiyar teku na fama da ƙarancinsa. Ƙura ce ke kai shi. A Bodele, iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasa wadda ɓawon matattun gansakukan tsohon tafki ne. Hakan na faruwa kusan kwana 100 a shekara. Tawagar Richard Washington ta Jami'ar Oxford ta yada zango a Chicha a 2005 ta auna wannan iska, kuma binciken da ya biyo baya ya gano har da fosfaras daga ƙasusuwan kifayen da suka rayu a tafkin.

Daga nan ƙurar kan ratsa Borno da Kano ta faɗa teku. Hongbin Yu, da bayanan tauraron CALIPSO na 2007 zuwa 2013, ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙurar Afirka ke ƙetara gaɓar yamma duk shekara. A 2004, Matthew Mills da abokansa sun ɗebi ruwan gabashin Atilantika suka zuba masa ƙurar Sahara, sai kama naitirojin ya ƙaru; suka kuma gano cewa ƙarfe da fosfaras ne tare ke taƙaita aikin. Mark Moore ya nuna a 2009 cewa Trichodesmium ta fi yawa a arewacin Atilantika inda ƙura ke sauka, ta yi ƙaranci a kudu duk da akwai fosfaras a can.

Tattaunawa

Akwai wuraren da masana ba su daidaita ba. Ilan Koren ya ce a 2006 kusan rabin ƙurar da ke isa dajin Amazon daga Bodele take, amma binciken Yan Yu na 2020 ya nuna yawancinta na zubewa a hanya, a Afirka ta Yamma da teku. Ƙarfen da ke narkewa daga ƙura ma kaɗan ne. Sannan Trichodesmium na da jakunkunan iska da ke hana ta nitsewa da sauri, don haka kabon ɗinta kan bi ta cikin wasu halittu kafin ya sauka.

Kammalawa

Hujjojin da aka bi sun yi nuni da sarƙa ɗaya: tsohon tafki, iskar hunturu, ƙarfe da fosfaras, Trichodesmium, sai kabon a ƙarƙashin teku. Giɓin yana wajen awo. Grant McTainsh ya auna saukar ƙurar hunturu a Kano ya wallafa a 1980, kuma a 2006 tashoshin auna ƙura uku sun fara aiki a Banizoumbou ta Nijar da Cinzana ta Mali da M'Bour ta Senegal, amma jerin bai haɗa da Chadi ba. Maƙalar na ba da shawarar Jami'ar Njamena da Jami'ar Bayero ta Kano su kafa tarkunan ƙura a kan rufin gine-gine, ciki har da unguwar Dembe, su riƙa auna nauyinta da ƙarfen da ke narkewa daga cikinta a kowane hunturu, sannan su haɗa sakamakon da alƙaluman ciwon ƙirji daga asibitocin biranen biyu.