Langa a Bakin Ƙofar Makaranta: Tarihin Wasannin Motsa Jikin Yara a Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Gobir sun fi mayar da hankali ga sarakuna da mayaƙa: Bawa Jan Gwarzo da Yunfa, faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836. Ba kasafai ake tambayar yadda yaran ƙasar suka riƙa gina jikinsu ba, alhali duk barden da aka yi wa kirari a fagen fama da tsalle a dandali ya fara. Wannan maƙala za ta bi sawun wasannin motsa jiki na yara masu shekarun firamare a yankin Sabon Birni da Isa. Abin da take son nunawa shi ne, makarantar boko ta zo ta tarar da ƙasar tana da hanyarta ta horar da jikin yaro, sai ta bar wannan hanya a waje ta ɗauko ta baƙi, bisa zaton dandali zai ci gaba da aikinsa har abada. Yanzu da rashin tsaro ya tashi dandalin, zaton ya rushe, nauyin kuwa ya dawo kan makaranta.

Dandali kafin zuwan aji

Bayan yaƙin Gawakuke, Gobirawan da ba su miƙa wuya ga Sakkwato ba sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A tsakiyar ƙarni na 19 saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarautar, Ɗan Halima ya fito da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa tana cikin garuruwan da Daular Sakkwato ta dogara da su wajen tsaron wannan kusurwa. Ke nan garuruwan biyu a bakin daga suka girma, a ƙasa mai fadama da gulabe inda ruwan Bunsuru da na Gulbin Maraɗi ke gangarawa cikin Rima. A irin wannan wuri, ƙarfin ƙafa da dogon numfashi da iya ruwa abubuwa ne da rai ke iya rataya a kansu.

Ba a buga ƙararrawa domin koyar da su. Da rana yaro na bin awaki, ko ɗauko ruwa, ko kai abinci gona; idan farin wata ya fito, musamman bayan kaka da rumbuna suka cika, sai dandali ya ɗauka. A nan yara maza ke yin langa. Kowane ɗan wasa zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. An rabu gida biyu, gida ɗaya ya fitar da ɗan wasan da ake kira ruwa, wanda aikinsa shi ne ya isa wurin da aka shata, 'yan gidansa na kare shi, abokan hamayya na neman ture shi. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Duk wanda ya dubi wannan wasa da idon malami zai ga an haɗa daidaita jiki, ƙarfin cinya, dabarar kauce wa ture, da kuma darasin da ya fi su duka: nasarar gida tana ga kare mutum ɗaya, ba ga bajintar kowa shi kaɗai ba.

Kokawa ma tana da matakanta. Ƙananan yara na gwada ƙwanji a kan rairayi suna kwaikwayon samarin da ake yi wa kiɗa bayan girbi, a haka suke koyon faɗuwa ba tare da karaya ba da tashi ba tare da riƙo ba. 'Yan mata kuwa suna da gaɗa, inda ake tsayawa a da'ira ana tafi, ɗaya ta saki jiki ta faɗa baya, sauran su tare ta su cilla ta sama. Yarinya ba ta sakin jiki sai ta amince da hannuwan da ke bayanta. Akwai carafke mai saita ido da yatsu, da 'yar gala-gala mai sa tsalle cikin gidajen da aka zana a ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar abin da ya wuce fili, tsakuwa da abokai.

Malaman jihadi sun soki kiɗa da cuɗanyar maza da mata a wuraren wasa, wannan sananne ne. Amma ba su da ja da horar da jiki, domin hawan doki da harbi da baka suna cikin abin da sunna ta kwaɗaitar, kuma ruwayoyi sun zo cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma kayar da Rukana a kokawa. Saboda haka makarantar allo da dandali suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa da lokacinsa.

Zuwan usur

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 suka tsaga Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a Lardin Sakkwato. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai. Daga irin waɗannan cibiyoyi sabon salon motsa jiki ya gangaro zuwa makarantun Midil, daga can ya isa makarantun elemantare na En'e.

Salon yana da fuska biyu. Ga 'ya'yan manyan makarantu akwai wasannin da Turawa suka zo da su daga makarantunsu na gida, irin su kurket da ƙwallon ƙafa da Fives, wato buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu. Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, ya shahara da wannan wasa na ƙarshe, kuma har yau ana yin sa a wasu biranen Arewa. Ga yaran ƙauye kuwa, abin da ya iso shi ne fareti: a jeru sahu-sahu, a ɗaga hannu a sauke, a juya dama a juya hagu, a yi lef-rai da busar usur. Manhajar horar da jiki da hukumar ilimin Ingila ta fitar a 1933, wadda tushenta ke komawa ga atisayen ƙasar Suwidin, ita ce makarantun Nijeriya suka daɗe suna bi. Ranar 24 ga Mayu, ranar bikin Daular Ingila, ita ce ranar nuna abin da aka koya na maci da tsere.

Adalci ne a faɗi alherin wannan salo. Ya ware wa jiki lokaci a jadawalin karatu, ya sa malami ya lura da tsabta da tsayuwar kowane yaro, ya kuma shigo da raunanan da dandali kan tura gefe. Amma aibinsa ya fi zurfi. A dandali yara ke kafa doka, su raba gida, su yanke hukunci idan gardama ta tashi. A filin fareti umarni daga baki ɗaya yake fitowa. Ban da haka, yaro ya fahimci darasin da ba a rubuta a allo ba, wato abin da ya iya tun daga gida wasan banza ne, abin da aka busa wa usur shi ne ilimi. Langa ta tsaya a bakin ƙofa, sai an fita tara ake satar yin ta a bayan aji.

Bayan 'yancin kai

Samun 'yanci a 1960 ya sauya tuta da ranar biki, maci ya koma 1 ga Oktoba da 27 ga Mayu, ranar yara, amma tsarin bai sauya ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai ajujuwa ƙauyuka da yawa da ba su taɓa ganin su ba, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya ilimin motsa jiki da lafiya cikin darussan firamare. A garin Sakkwato ne ma aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a ranar 30 ga Satumba, 1999. Sai dai yawan yara ya rinjayi yawan malamai, darasin da ba a yi masa babbar jarrabawa kuwa shi ne farkon wanda ake yankewa. A wurare da dama ya koma rubutu a allo, yaro ya haddace faɗin filin ƙwallon da bai taɓa takawa ba, sai gasar gidaje ta shekara ta zo a yi tseren buhu da jan igiya.

Ƙetaren iyaka an ɗauki wata hanya. A 1975 gwamnatin Seyni Kunce ta soma gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda gwaninta ke karɓar takobi, har kokawa ta zama babban wasan Nijar. Yaron Tsibiri ya tashi yana ganin hukuma na girmama wasan da yake yi a kan rairayi. Nijeriya ma ta shigar da langa da kokawa da dambe cikin gasar wasannin ƙasa, amma wannan daraja ta tsaya a manyan filayen birane. Gwanayen da ake kaiwa can, dandali ne ya horar da su.

Da dandali ya tashi

Duk wannan sakaci bai yi mummunar illa ba muddin dandali na raye, domin abin da makaranta ta bari, farin wata na cikewa. Wannan shi ne ya canza. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubun-dubatar mutane daga gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Runji. A watan Mayu na 2020 an kashe gomman mutane a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Agusta na 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa a hannun waɗanda suka sace shi. Inda sarki bai tsira ba, wace uwa za ta bar ɗanta ya fita bayan isha'i? Hasken watan da a da ke kiran yara waje, yanzu fargaba yake ƙarawa.

Wasannin dandali ba a littafi suke ba. Daga ƙafar yaya suke sauka zuwa ƙafar ƙane. Idan sahu ɗaya na yara ya wuce shekarun wasa a ɗaki ko a sansanin gudun hijira, igiyar ta tsinke, kuma shekara shida ta firamare ta isa hakan ta faru. Asarar ba ta al'ada kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, UNESCO kuma tun a 1978 ta ayyana ilimin motsa jiki a matsayin haƙƙin kowa. Yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba ya fi kowa buƙatar wurin da zai yi gudu don dariya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa makaranta ta yi fiye da ƙarni guda tana cin moriyar aikin da dandali ke yi mata kyauta, ba tare da ta yarda da shi ba. A yau, a garuruwan da azuzuwa ke buɗe, harabar makaranta da rana tsaka ita ce kusan wuri ɗaya da ya rage inda yara ke taruwa da izinin iyaye. Ba a buƙatar kwangilar kayan wasa kafin a shigo da langa, gaɗa da 'yar gala-gala cikin jadawali. Abin da ake buƙata shi ne malamin da zai shata fili, ya tambayi yaran da suka baro ƙauyukansu yadda ake yi a garinsu, ya sa usur a aljihu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda suka iya waɗannan wasanni suna nan da rai, a Isa da Sabon Birni da sansanonin Maraɗi, kuma kowace shekara da ta wuce adadinsu raguwa yake yi.