Ajiye Farar Riga Ba Asarar Karatu Ba Ne



A nan Tambuwal da Kebbe, idan wanda ya karanci binciken cututtuka ya bar ɗakin gwaji ya koma rubuta kimiyya da tace rubutun masana, sai ka ji ana cewa ya yi asarar karatu. Tarihinmu bai goyi bayan wannan magana ba.

Mu dubi Muhammadu Bello, ɗan uwan Buhari ɗan Shehu mai Tambuwal. Ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ga yaƙi ga shari'a, amma ya samu lokacin rubuta littattafan magani: akwai na ciwon ido, akwai na basir, akwai na amfanin filasko. Ya karanta manyan littattafan magani na Larabci, ya tsamo abin da jama'arsa ke bukata, ya taƙaita. Aikin mai tace rubutu ke nan. Da Bature Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Ashe bai ɗauki alƙalami kishiyar magani ba.

Sai dai da Larabci ya rubuta, malamai kaɗai ke iya karantawa. Ƙanwarsa Nana Asma'u ce ta nuna hanyar da ta rage: ta tsara ilimin addini da Hausa, jajis suka kai wa matan karkara har gida.

Yau ilimin lafiya da Turanci yake. Ga misali: cutar noma, mai cin fuskar ƙananan yara. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma ka ce wa uwa a ƙauye "noma", gona za ta tuna. Alhali idan aka gane cutar tun tana kumburin dasashi, magani na tsayar da ita.

Wa zai faɗa mata da harshen da take ji? Sai wanda ya san cutar, ya kuma san Hausa. In akwai irinsa a cikinmu, mu ba shi fili a wannan zaure. Mu da ba mu shiga ɗakin gwaji ba, mu riƙa kai masa rubutunmu na lafiya ya duba kafin mu saki.