Tsohon Zarto Mai Lamba 070

Duk wanda ya taɓa zama da 'yan katako a dazukan Taraba ko kudancin Kaduna ya san rurin Stihl 070, rurin da ake jiyowa tun daga nesa. Ni dai ina ganin injin nan ya fi samun gida a wajenmu fiye da ƙasar da ta ƙera shi.

Asalinsa Jamus. A 1926 Andreas Stihl ya fito da zarto mai sarƙa da ke aiki da lantarki, a 1927 Emil Lerp ya kawo mai shan fetur. Na farkon nan sai mutum biyu sun kama, don nauyi. A 1959 kamfanin Stihl ya fitar da Contra, mai kilo 12, wanda mutum ɗaya ke iya sarrafawa, kuma daga zuriyarsa 070 ya fito.

Idan makaniki ya kwance kan 070, za ka ga fistin mai faɗin milimita 58, kusan bakin ƙaramin gwangwanin tumatir, yana hawa da sauka tsawon milimita 40. Waɗannan biyun ne ke ba da cc 106. Faɗin fistin shi ne filin da wutar fetur ke dannawa. Rabin tsawon tafiyarsa kuma shi ne hannun da ke murɗa ƙarfen juyi. Da aka so ƙarin ƙarfi a yayansa 090, ba a taɓa tsawon ba, faɗin aka kai 66, ya koma cc 137.

Turawa kuwa sauri suka bi. Zarton Stihl MS 660 faɗin fistinsa 54 ne, tafiyarsa 40. Magajinsa MS 661 aka faɗaɗa shi zuwa 56, aka rage tafiyar zuwa 37. Ciki kusan ɗaya, amma gajeriyar tafiya na barin inji ya yi juyi da yawa ba tare da fistin ya galabaita ba. Wannan ya dace da mai kayar da bishiya ya sassare rassa, ya tura gungume masana'anta.

Namu aikin daban ne. A nan cikin daji ake tsaga gungumen maɗaci ko madobiya a tsaye, daga kai har gindi, a fitar da katako. Sarƙa na nutse cikin itace wuni guda, sai inji mai babban ciki da ba ya shaƙewa. Ghana ta haramta irin wannan tsagar don sayarwa a 1998, amma har gobe katakon na cika kasuwanninta.