Tangaran ɗin Sin mai zanen jirgin ruwa

Tangaran mai zanen jirgi wani nau'i ne na faranti, kofi da kwano da aka riƙa ƙerawa a ƙasar Sin domin fatauci zuwa ƙetare, musamman a ƙarni na 18. Akasarinsa daga garin Jingdezhen yake, a lardin Jiangxi, inda ake kwaɓa farar laka da niƙaƙƙen dutse, a gasa su a wutar da zafinta ya kai wajen digiri 1,300. Wannan gashin ne ke sa ya fito fari tas, ruwa ba ya ratsa shi, in an ƙwanƙwasa shi kuma ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

Turawan Fotugal sun isa gaɓar Sin ta teku a 1513, suka zauna a Makau a 1557. Mutanen Holan suka biyo baya da kamfaninsu na VOC da aka kafa a 1602. Daga 1757 sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawa a tashar Kanton kaɗai, wato Guangzhou ta yau. A nan zanen jirgi ya bunƙasa. Sai a kawo farin tangaran daga Jingdezhen, masu zane na Kanton su ɗora masa launi, su sake gasa shi da sassauƙar wuta. Matuƙi ko ɗan kasuwa yakan ba da sautu a zana masa jirginsa, da filafilai a buɗe, da tutar ƙasarsa, wani lokaci har da sunan jirgin da shekarar tafiyar. Shi ya sa masana ke ganin darajarsa ta wuce ta ado: faranti guda na iya nuna wanda ya je Sin, da lokacin da ya je. Amurkawa sun shigo a makare, da jirgin Empress of China a 1784.

Teku ta cinye tangaran da yawa. Jirgin Geldermalsen na Holan ya nutse a 1752. Da aka tono kayansa aka yi gwanjonsu a Amsterdam a 1986, tangaran ɗin ya kai kusan guda 150,000.

A Afirka, gaɓar gabas ce ta fi sanin tangaran ɗin Sin tun da daɗewa. A Kilwa da Gedi an tono fasassunsa, a Mambrui kuwa an manna kwanonin Sin a jikin hasumiyar kabari. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Maginan gargajiya na Kano da Zariya sukan kafa tasa ko faranti a tsakiyar rufin soro, daidai inda bakuna suka haɗu, kuma a unguwannin cikin ganuwa irin su Zaitawa ta Kano, jeren amarya ya daɗe yana auna gatan da aka yi wa 'ya. Sai dai abin da ya cika ɗakunan nan a da, langa ce da fanteka da kwalla, ƙarfe ne mai fenti, irin wanda 'yan kasuwar Hong Kong suka fara ƙerawa a Kano a shekarun 1960.

Wanda ya gaji tsohon faranti, kada ya yi saurin rabuwa da shi. Ya juya gindinsa: na da yakan kasance da zobe marar sheƙi, zanensa kuma na hannu ne, don haka ba a samun biyu da suka yi daidai layi da layi.