Gingimarin Soja a Hannun Farar Hula

Duk wanda ya tashi a Bololo ya san rurin tsohuwar motar soja, irin mai ƙafa shida, wadda yanzu buhunan gero da gawayi take ja. Garin nan ya daɗe da sanin irinta. Tun yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna zuwa N'Djamena a 1973, daga Chadi Leclerc ya ja ayarin motoci ya ratsa hamada, Kufra ta faɗa hannunsa ranar 1 ga Maris 1941. A ƙarshen 1959 kuma motocin Berliet guda tara, samfurin Gazelle, suka keto Tenere har suka iso nan. Daga wannan samfurin aka ƙera GBC 8 KT, wadda rundunar Faransa ta shafe shekaru tana aiki da ita.

Haƙuri ne ya kai waɗannan ayarori inda suka nufa. Direba yakan duba ruwa da mai tun da asuba, ya rage iskar taya kafin shiga rairayi, ya mayar da ita idan ƙasa ta yi tauri. Ba a tafiya mota ɗaya, kuma ba a matse wa ta gaba. Da soja suka gama da irin waɗannan motoci suka koma hannun 'yan kasuwa, ƙarfen ya zo, horon kuwa rabinsa ya tsaya a bariki.

Mota ce mai tsawon ƙafa, don ta haye kwazazzabo aka yi ta. Idan aka labta mata kaya har sama, mutane suka hau bisa kayan, nauyin ya koma can ƙololuwa, kwana ɗaya da sauri ta isa ta kifar da ita. Birkinta da iska yake aiki, wanda ya tashe ta bai jira iska ta cika ba, ya fita ba birki. Gudu kuma idan ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka gangare da ƙaramar giya, kuma ba sa ja da baya sai karen mota ya sauka riƙe da waigi yana nuna musu hanya. A lungunanmu, inda yara ke ƙwallo, masu babur na kutse ta kowane gefe, ni a ganina wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci, domin daga kujerar direba ba a ganin yaron da ke gab da bamba.

Masu cewa a sahara babu abin da za a buge, su tuna bishiyar Tenere a Nijar. Ita kaɗai ce a fili mai nisan ɗaruruwan kilomita, amma a 1973 wani direban babbar mota ya same ta ya karya. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.