Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Harajin Riba: Abin da Filin Baffana Ya Koya Mini

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan tarihin haraji shi ne wani ciniki da aka yi a gidanmu a shekarar 2024. Baffana yana da fili a bayan Ƙofar Guga, nan birnin Katsina, wanda ya saya fam 60 a 1972, watau naira 120 ke nan, tun da yake da aka canja kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973 fam ɗaya naira biyu aka yi masa. Da tsufa ya zo, ga rashin lafiya, sai ya sayar da shi naira miliyan 6. Wurin gyaran takardu aka ce masa akwai harajin riba, kashi 10 cikin 100. Da yake ni ne ɗan makaranta a gidan, sai ya miƙo mini wata tsohuwar adaka cike da takardu, ya ce, "Ɗana, duba mini, yaushe kuma aka fara yanka wa riba haraji?"

A cikin adakar nan na tarar da takardun harajin kakanmu, duk sun yi ja don tsufa, amma takardar cinikin filin babu ita. Wannan ya sa na koma baya don in ga yadda aka faro.

Kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa abin da ido ke gani suke yanka wa haraji. Akwai kuɗin ƙasa a kan magidanci, da jangali a kan shanu, da kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin rafi a kan masu lambu, ban da zakkar hatsi da addini ya wajabta. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratso Katsina zuwa Kano a 1851, ya rubuta cewa a Kano magidanci yakan biya wuri 2,500, kowace karofi kuwa wuri 700. Mai unguwa ya san kowa, ya san yawan rumbunansa, saboda haka ba a bukatar mutum ya rubuta komai game da kansa.

A 1903 Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Dokar da Turawa suka yi a 1906 ta tattara yawancin kuɗaɗen nan ta mai da su haraji guda, ana yanka wa gari jimla, dagaci da masu unguwanni su rarraba wa mutanensu. A farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, shi da Bature Palmer suka kafa Baitulmali a Katsina, inda ake zuba rabon sarki a riƙa biyan ma'aikata albashi, daga nan kuwa sauran masarautu suka ɗauka. To, amma wannan haraji bai san riba ba, bai san hasara ba. Ko damina ta yi kyau ko ta ƙi, sai an biya, har a yunwar 1913 zuwa 1914 ba a daina karɓa ba. Shi ya sa talaka ya ƙi jininsa, ya kuma yi murna ƙwarai da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987.

Harajin riba kuwa baƙo ne. Ingila ta fara shi a 1965, Nijeriya ta bi sahu da dokar soja mai lamba 44 ta 1967. Manufarsa ita ce, in mutum ya sayar da kadara, kamar fili ko gida ko hannun jari, a cire abin da ya saye ta, da abin da ya kashe wajen inganta ta, da la'adar dillali, sa'an nan a yanki haraji a kan abin da ya rage. Da farko kashi 20 cikin 100 ne, a 1996 aka rage zuwa 10. A 1998 aka yafe wa hannun jari, sai dokar kuɗi ta 2021 ta dawo da shi a kan cinikin da ya kai naira miliyan 100 cikin wata 12. Gidan da mutum yake zaune a ciki kuwa dokar ta keɓe shi.

Maganar hasara ita ce ta fi ci wa Baffa rai. Ya taɓa sayen hannun jarin bankuna kafin kasuwar ta faɗi a 2008, ya sayar a 2024 da hasara, sai ya ce a cire masa wannan daga ribar filin. Na bincika, na tarar tun 1967 dokar ta hana a cire hasara daga riba. Sai a 2023 aka sassauta, aka yarda a cire, amma daga kadara iri ɗaya, abin da ya saura kuma a iya ɗaukarsa gaba har shekara 5. Fili daban, hannun jari daban, don haka Baffa bai sami sauƙi ba. Ya kuma yi wata magana da na kasa amsawa. Ya ce fam 60 ta wancan zamani ba ƙaramin kuɗi ba ne, mafi yawan abin da ake kira ribarsa faɗuwar darajar naira ce kawai. Gaskiya ya faɗa, domin dokar ba ta yi la'akari da tsadar rayuwa ba. Katangar da ya kewaye filin da ita ma ba a cire kuɗinta ba, don bai ajiye rasit ko ɗaya ba.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar haraji, mai aiki daga 1 ga Janairu 2026. A ƙarƙashinta ribar kadara tana shiga cikin sauran abin da mutum ya samu a shekara, ya bayyana ta a takardar harajinsa. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, daga nan a riƙa hawa mataki mataki har kashi 25 cikin 100.

To, jama'a, kun ga inda aka kwana. Kakanmu mai unguwa ne ya yanka masa, shi dai ya biya ya ɓoye takarda don gudun dogari. Mu kuwa an ce mu faɗi ribarmu da hasararmu da bakinmu, mu kuma kawo shaida, alhali yawancin cinikin da ake yi a unguwanninmu da baki da shaidu ake ƙulla shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duk wanda ke da tsoho mai fili ko shago, ya zauna da shi tun yana da ƙarfinsa a rubuta yaushe ya saya, nawa ya saya, me ya kashe a kai. Ni dai na sayo littafi, na fara da sauran gonar Baffa, na ajiye shi cikin adakar nan tare da takardun kakanmu. Allah ya sa mu dace, amin.